Wake Ne a Ciki

Da jarkar a kaina na hau benen. Matakalar ƙuntatacciya ce, gwiwoyina kuma sun daɗe da daina jin maganata, saboda haka a kowane hawa sai na dafa bango na huta. Wani saurayi mai tarin suma ne ya fara ganina. Ya dubi fuskata, ya ɗaga ido ya dubi jarkar da baƙar robar da aka naɗe bakinta da ita, sai kofin shayin da ke hannunsa ya suɓuce. Kafin in gama sallama ɗakin ya watse. Ɗaya ya shige ƙarƙashin tebur, biyu suka ruga banɗaki suka turo ƙofa, wata yarinya mai jan mayafi ta manne a jikin taga tana salati.

Na sauke jarkata a tsakiyar ɗakin, na zauna a kanta, na gyara lulluɓina. Na ce a kira mini mai Idon Birni, wato shafin nan nasu da ke watsa labarai a waya, a ce masa uwar wanda ya kashe ce ta zo.

* * *

Sunana Hure. Garinmu Kwarin Ɗorawa ne, a ƙasar Shanono, inda gonar wani ke ƙarewa a gindin katangar wani. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Amma na san wake.

Mu a nan mun daina zuba wa wake magani tun shekarar da ya kwantar da gida guda a asibiti. Jarka muke yi. A shanya shi ya bushe ƙarau, a ɗura a jarkar mai da aka wanke, a girgiza a ƙara har sai babu wurin iska, a sa leda a baki, a murɗa murfi, sannan a naɗe da robar tayar keke. Ƙwaron da ke ciki sai ya mutu don rashin numfashi. Sharaɗin guda ne, ba a buɗewa sai ranar sayarwa. In ka buɗe iska ta shiga, ƙwari su farfaɗo, ka dawo ka tarar da gari.

Wanda nake magana a kansa ɗan farina ne. A al'adarmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Ya shekara arba'in da 'yan kai ina ce masa "kai" in yana kusa, "wancan" in yana nesa. Da ya haifi 'yarsa sai na samu sauƙi, na koma ce masa Baban Tahira. Yanzu kuwa ba ni da sauran kunyar da zan ji. Sunansa Basiru.

Ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah ya fito da jarkokinsa zai kai kasuwar Dawanau, don da damina wake ke daraja. A makon nan kowa a tsorace yake. An ce jami'an tsaro sun yi gargaɗi, wai miyagu na shirin shiga birni su yi ɓarna da Sallah. Ba zan ce ƙarya ba ne. Mun ga shekarun da mutum kan fita kasuwa a dawo wa iyalinsa da takalminsa kawai. Ni da bakina na ce ya bari sai bayan Sallah. Ya yi dariya, ya ce matarsa Ramlat ta kusa sauka, Tahira kuma ta sa ran sabon kaya, su miyagun me za su yi da mai wake.

Sauran labarin daga bakin Yahya na ji shi, direban a-kori-kurar da ta ɗauke shi. Ruwa ya cinye hanyar da suka saba bi, sai suka zagaya ta Gwarzo. A Rijiyar Zaki motar ta mutu, kusa da wani masallaci. Suka sauke kayan don a samu ɗaga ta, Yahya ya tafi neman bakanike, Basiru ya zauna a kan jarkokinsa yana cin gyaɗa. Wani ya ɗauke shi hoto daga nesa ya tura wa Idon Birni. Su kuma ba su tsaya tambayar kowa ba, suka ɗora. Yahya ya karanta mini abin da suka rubuta har na haddace: an ga wani da jarkokin bam kusa da masallaci a Rijiyar Zaki, ku yaɗa don ceton rai.

Kafin Yahya ya dawo mutane sun zagaye shi. Suka ce ya buɗe. Shi kuwa, manomi ɗan manoma, sai ya tsaya yi musu bayanin ƙwari. Wai in iska ta shiga an yi asara, su yi haƙuri su ɗaga ɗaya su girgiza za su ji. Wa zai girgiza abin da aka ce masa bam ne? Da ya ga idanunsu sun sauya, sai ya ce to bari ya buɗe musu guda. Ya sunkuya ya kama bakin robar zai warware. Wani ya yi ihu cewa zai tayar da bam ɗin. Bulon farko a ƙeya ya same shi.

Yahya ya ce yana tsaye a tsallaken titi da bakaniken, ƙafafunsa suka ƙi motsi. Ban zarge shi ba. Da ya matsa da gawa biyu aka kawo mana.

Daga baya jami'an tsaro suka zo suka kore jama'a, aka kawo masu kayan aiki suka buɗe jarkokin ɗaya bayan ɗaya. Wake, wake, wake. Kafin magariba mutanen unguwar sun kwashe wanda ya zube a kwanuka. Wataƙila wasu da shi suka yi alalar Sallah.

* * *

Ranar da aka kawo shi ban yi kuka ba. Uwa ba ta kukan ɗan fari a gaban jama'a, haka na tarar, haka uwata ta yi. Na zauna a ƙuryar ɗaki ina amsa gaisuwa. A da, da an ce Hure ta yi kawaici. Amma wannan karon hoton ya riga gawar isowa gari, yana cikin wayar kowane saurayi. Sai na fara jin ana cewa ko ɗigon hawaye ba ta yi ba, ta san abin da ɗanta yake yi. Matan da muka yi surfe tare tun muna amare, su ne masu faɗin haka.

Kowa a garin nan ya san yadda ake ɗura wake. Kowa yana da irin jarkokin a ɗakinsa. Amma waya ta ce bam ne, kuma wayar ba ta dawo ta ce ba bam ba ne. Sai aka koma cewa ai ba duka aka buɗe ba, ai akwai wadda aka ɓoye, ai dama yana yawan zuwa birni. 'Yan kasuwar Dawanau suka fara gudun waken garinmu in yana cikin jarka, maza suka ɗora laifin a kan gidana. A makarantar Islamiyya yara suka sa wa Tahira 'yar mai bam, ta daina zuwa. Da Ramlat ta sauka, ta sami namiji, mazan da suka zo raɗin suna tabarma ɗaya ta ishe su.

Na je wurin dagaci. Ya ce in yi haƙuri in bar wa Allah. Na ce, ranka ya daɗe, ransa na bar wa Allah tun ranar, shi ya ba ni shi ya karɓa. Sunan kuwa ba Allah ne ya ɓata shi ba, mutane ne, kuma wurinsu zan je in karɓo. Ya ce mace mai shekaruna ba ta yawon ofis-ofis. Na ce mace mai shekaruna ba ta binne ɗanta da sunan ɗan ta'adda.

Jarka guda ta rage a ɗakin Basiru, wadda ya ajiye don iri. Ita na ɗauka, Yahya ya kai ni har gindin benen.

* * *

Mai shafin ya fito daga wani ɗaki na ciki bayan da yaransa suka tabbatar ban tashi da kowa ba. Kamaruddeen sunansa. Yaro ne, bai kai Basiru ba, fes da shi, yana ƙamshi, waya biyu a hannu. Ya ɗan rusuna ya ce, "Hajiya Mama, sannu da zuwa."

Na ce, "Ban je Makka ba, kuma ban haife ka ba. Hure sunana."

Ya sa aka kawo mini kujera da lemo, na ce jarkata ta ishe ni. Ya fara zuba. Wai sun ji zafin abin da ya faru, wai su ba su ce a taɓa kowa ba, su dai faɗakarwa suka yi. Wai lokacin da birni ke cikin haɗari ɗan jarida ba shi da damar jira, in da bam ɗin ne fa, rai nawa za a rasa? Yana magana ina kallon tagar da ke bayansa. Na tashi na leƙa. Ga hasumiyar masallacin Rijiyar Zaki can, ga titin, ga ma inda ɗana ya faɗi, da Yahya ya nuna mini da muka wuce. Tafiyar da ko ni mai ciwon gwiwa zan yi ba tare da na zauna ba.

Na ce, "Kana da ƙafa?"

Ya ce yana da ita.

"To me ya hana ka sauka ka tambaye shi? Ko ka kira masu bindigar da aikinsu ne? Kai da kake tsoron a rasa rai, ga shi an rasa. Ko nawa ba ya cikin lissafin?"

Na ce abu ɗaya ya kawo ni, ba na son kuɗinsa ba na son lemonsa. Ya koma inda ya rubuta bam ya rubuta wake, ya sa sunan ɗana, ya ce ku yaɗa, kamar yadda ya ce a wancan. Ya yi ɗan murmushi ya ce ai maganar ta wuce, mutane sun manta, tayar da ita ba zai amfani kowa ba. Na ce a birni ta wuce, a garinmu kullum da ita ake karyawa.

Ya juya wayar da ke hannunsa. Sai fuskarsa ta washe, ya ce akwai abin da ya fi rubutu. In zauna a gaban na'urarsu in faɗi komai da bakina, duniya ta gan ni ta ji ni. Ni kuwa da na shekara sittin ba wanda ya taɓa cewa duniya ta ji ni, sai na ga kamar Allah ne ya taɓa zuciyarsa.

Suka kunna fitila a fuskata. Na faɗi yadda ake ɗura wake. Na faɗi Ramlat da jaririn da ba zai san ubansa ba. A nan ne, a gaban yaran da ban sani ba, na buɗe baki na kira sunan ɗan farina karo na farko a rayuwata, sai da harshena ya yi nauyi. Na warware robar, na murɗe murfin, na tuntsurar da jarkar, farin wake ya malala har ƙarƙashin teburansu. Kukan da ban yi a gida ba, a nan na yi shi.

Da na lafa, sai Kamaruddeen ya tambaye ni daga bayan na'urar, a hankali kamar mai lallashi, da ina da iko me zan yi wa waɗanda suka jawo mini wannan.

Ni ba a yi mini tambaya in yi kwana. Na ce, "Wallahi da abin da kuka ce yana cikin jarkar nan yana ciki, da daga ɗakin nan zan fara, sannan in bi unguwar gida-gida."

Ya ce ya isa, an gode. Har ƙasan bene ya rako ni.

* * *

Kwana biyu bayan haka Yahya ya shigo gidana ko sallamar kirki bai yi ba, ya miƙo mini wayarsa. Na ga kaina ina shiga ɗakin da jarka a ka, yara na gudu, ashe tun shigata ana ɗauka. Daga nan sai fuskata, idanu jajur, ina rantsuwa zan bi unguwa gida-gida. Shi ke nan. Babu waken da ya zube, babu Ramlat, babu sunan da na kira. Na ce ya karanta mini rubutun da ke sama. Ya ƙi, sai da na daka masa tsawa. Uwar mai jarkokin Rijiyar Zaki ta yi barazanar tayar da unguwa.

Washegari mota ta zo har ƙofar gida, gari ya fito kallo. Jami'an tsaro suka tafi da ni, na wuni a kan benci ana yi mini tambaya ɗaya ta fuska goma. Babbansu ya san maganar waken, don yana wurin ranar da aka buɗe. Da yamma ya ce in tafi, in riƙa kula da bakina, lokacin ba na wasa ba ne. Na ce tunda ya san wake ne me ya hana shi faɗa wa duniya. Ya ce sun rubuta a rahotonsu. Na ce a garinmu ba mai karanta rahotonsu.

Da na dawo na tarar da mahaifin Ramlat a zaure. Bai zauna ba. Ya ce tunda ta haihu takabarta ta ƙare, ya zo ya tafi da 'yarsa da jikokinsa, ba zai bar su a gidan da motar hukuma ke zuwa ba. Na ce Tahira jinina ce. Ya ce shi ya sa. Yarinyar ta riƙe zanena sai da aka ɓamɓare yatsunta ɗaya-ɗaya. Ramlat ba ta dube ni ba, kuma ban ga laifinta ba.

* * *

Gero ya fara nuna lokacin da wata mata ta yi sallama a gidana. Ta ce sunanta Sa'adiyya, daga wani gidan rediyo a birni. Ban bari ta rufe baki ba na ɗauko taɓarya. Na ce in ba ta fita ba yau za a sami labarin gaske. Ta fita. Da na leƙa bayan azahar tana zaune a dakalin ƙofar gida, rana na dukanta. Da la'asar ma tana nan. Na ce wannan ko mayya ce, na miƙa mata ruwa a moɗa.

Ba ta zo da fitila ba, wata 'yar na'ura ce kamar akwatin ashana, kuma ba ta kunna ba sai da ta tambaye ni. Kafin ta zo wurina ta je wurin Yahya, ta je wurin bakaniken, ta je wurin limamin masallacin, ta sami babban jami'in nan ya yarda ya yi magana da bakinsa. Har Dawanau ta je wurin wanda Basiru ya saba kai wa kaya. Ta ce ranar da abin ya faru su ma an turo musu hoton, har ana matsa mata ta faɗa a labaran rana.

"Na ce ba zan faɗa ba sai na tabbatar, Inna. Na kira jami'an tsaro na ba su wurin, na hau babur na taho. Kafin in iso an gama."

Na ce to amfanin me tabbatarwarta ta yi mini. Ta sunkuyar da kai, ta ce abin da ta sani kawai ba da bakinta aka kashe shi ba. Na yi mata bayani tun daga shanya har naɗin roba. Da ta gama ɗauka sai ta mayar mini da muryata na ji, ta ce in akwai abin da ban yarda a sa ba in faɗa. Ta ce ranar Talata bayan la'asar za a sa, ɗan lokaci kaɗan aka ba ta.

Na tambaye ta ko zai kai inda ƙaryar ta kai.

Ta ce, "A'a, Inna. Ko kusa."

Ita kaɗai ce a duk wannan tafiyar ta faɗa mini abin da ban so ji ba alhali tana iya yi mini daɗin baki.

* * *

Tun ranar Lahadi nake bin gidaje. Na je wa dagaci, na je wa liman, na je wa matan da suka ce ban yi kuka ba. Na ce Talata bayan la'asar kowa ya zo ƙofar gidana ya ji da kunnensa. Duk suka ce in Allah ya kai mu. Na aika wa mahaifin Ramlat da saƙo ta bakin Yahya, ya ce a gaya mini rediyonsu ta lalace.

Ranar na share ƙofar gida, na shimfiɗa tabarmi uku, na sa sabon batir a rediyon Basiru. Aka yi la'asar aka fito. Masu tafiya girbin gero suka wuce da lauje a kafaɗa, suna yi mini sannu daga nesa. Samarin da ke gindin ɗorawa kowa ya duƙufa a kan wayarsa, an ce wani sabon hoto ne ya fito, na wasu mutane a wata tasha. Akuyar maƙwabta ce ta hau tabarma ɗaya ta kwanta.

Da na ji an fara kiɗan buɗe shirin, na ɗauki rediyon na bi hanyar bayan gari. Mata ba sa shiga maƙabarta, saboda haka na tsaya a bakin shingen bini-da-zugu. A nan na tuna ban san wanne ne nasa ba. Maza ne suka kai shi, ban kuwa taɓa tambaya ba, don ba a tambayar kabarin ɗan fari. Sababbi sun kai biyar a gefen gabas, ciyawa ta fara rufe su duka.

Na ƙure ƙarar, na ɗaga rediyon sama da shingen da hannu biyu. Muryar Sa'adiyya ta fito tar. Ta ce Malam Basiru na Kwarin Ɗorawa manomi ne, abin da ke cikin jarkokinsa wake ne, jami'an da suka buɗe sun tabbatar. Sai muryar jami'in, sai ta liman, sai tawa. Ina juya rediyon a hankali daga wannan tudun zuwa wancan, don kowanne ya samu.

Ban kai ga na ƙarshe ba aka sa tallar taliya.